Kasuwancin "Kawo Mutum Ki Ci Riba": Daga Ina Kuɗin Ke Fitowa?

Ina gaida masu saurarenmu na cikin garin Anka da Bagega da Wuya, da na Gummi da Gayari, da na Bukkuyum da Nasarawar Burkullu. Ya gida, ya yara, ya kuma haƙuri da halin da muke ciki? Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa a wannan yanki namu, amin.

A yau zan fara ne da wani saƙo da wata baiwar Allah ta aiko mana daga wajen Gummi, ta kuma roƙi kada a faɗi sunanta. Ta ce wata rana ƙanwar maigidanta ta shigo mata da waya a hannu, tana nuna mata hotunan wasu mata an ba su makullin mota, wasu kuma an kai su yawon buɗe ido ƙasar waje. Ta ce mata, "Yaya, wannan sana'a taku ce ku matan kulle, kina zaune a ɗakinki kuɗi na shigo miki." Sharaɗin kawai shi ne ta yi rajista da naira 60,000, a ba ta kwalin shayi da sabulu da wani magani, sa'annan ta kawo mutane su ma su yi rajista a ƙarƙashinta. Sai ta sayar da awakinta biyu, ta haɗa da kwasar adashinta, ta biya. Ta jawo abokiyar zamanta da ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, su ma suka biya. Yau wata huɗu ke nan kayan na ƙarƙashin gado, don kuwa duk wadda ta ji kuɗinsu sai ta ce Allah Ya kawo kasuwa. Ƙanwar tata ko gaisuwa ta daina aiko mata. Da ta koka wa waɗanda suka sa ta, sai suka ce ita ce ba ta da himma. Shi ne take tambaya: shin da gaske lalacinta ne ya jawo?

'Yar uwa, amsarki a taƙaice ita ce a'a. Ba lalacinki ba ne, lissafin abin ne tun asali bai fita. In kun ba ni hankalinku, yau za mu yi wannan lissafi tare, da yatsunmu.

Da farko dai, wannan harka iri biyu ce. Akwai wadda babu kaya a cikinta sam, kuɗi ne kawai: ki zuba dubu goma, bayan wata ɗaya a ba ki dubu goma sha uku ko dubu ashirin, in kin kawo wata kuma a ƙara miki lada. Akwai kuma wadda ake lulluɓe ta da kaya, kamar shayin rage ƙiba, ko man shafawa, ko maganin ƙarin kuzari, ko audugar mata. Ita ce ake ce wa kasuwancin netwok. A wannan ta biyun, ana ce miki hanyar samu biyu ce: ki sayar da kaya, ki kuma kawo mutane. Duk wadda kika kawo, kina da kaso a cikin abin da ta biya, haka nan wadda ita ma ta kawo, har zuwa ƙasa. Wadda ta kawo ki ita ma tana ci daga naki, na samanta na ci daga nata. Mu Hausawa muna da sunan irin wannan tsari tun tuni: kashin dankali, manya a sama, ƙanana a ƙasa suna ɗauke da nauyi.

To, tambaya guda ɗaya nake so kowace mace ta riƙe daga shirinmu na yau, ko da ta manta sauran: wannan ribar da ake faɗi, daga aljihun wa take fitowa?

Bari mu auna da sana'o'in da muka sani. Mai ƙuli-ƙuli ta sayi gyaɗa, ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai, ta toya ƙuli. Wanda ya saya ya ci, ya ƙoshi, gobe ya sake aikowa. Ribarta ta fito ne daga wahalarta da kuma buƙatar mai saye. Dillaliya ta shigo miki da atamfa da kwanuka, kin gani kina so, kin saya, ta ci la'adarta. Ba ta taɓa ce miki sai kin biya kuɗin rajista kin zama dillaliya kafin ta sayar miki da zane ba. Adashi kuma, ku goma ne kuna zubin dubu ɗaya ɗaya, kowa in kwasarta ta zo ta ɗauki dubu goma. Abin da kika zuba shi kike kwasa, ba ƙari ba ragi, kuma kun san junanku, kun san ranar da zai ƙare. Shi ya sa duk wadda ta ce miki wannan sabuwar harka "kamar adashi ce", ki ce mata a'a. Adashi bai haihuwa. Ranar da aka ce miki adashi ya haihu, to kuɗin wata aka ɗauko aka ba ki.

Yanzu ga lissafin. A ce an ce kowace mace ta kawo mutum 6 kafin ta fara cin riba. Ke kin kawo 6. Su shidan nan kowace ta kawo 6, sun zama 36. Hawa na uku 216. Na huɗu 1,296. Na biyar 7,776. Na shida 46,656. Na bakwai 279,936. Na takwas 1,679,616. Ku tsaya nan tukuna. A ƙidayar jama'a ta shekarar 2006, ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum gaba ɗaya, maza da mata, tsofaffi da jarirai, ba su kai mutum 600,000 ba. Ko da mun ce yau sun ninka, kun ga hawa na takwas ya riga ya cinye mu duka bai ƙoshi ba. In aka kai hawa na 11, ana neman mutum fiye da miliyan 362, wato sun fi dukan mutanen Nijeriya. A hawa na 13 kuwa ana neman fiye da biliyan 13, alhali duk mutanen duniya ba su kai haka ba.

Abin da wannan lissafi ke nuna mana shi ne, dole wata rana a rasa wanda za a kawo. Kuma a duk ranar da abin ya tsaya, waɗanda ke hawan ƙarshe, waɗanda suka biya amma ba su samu kowa a ƙarƙashinsu ba, su ne kusan biyar cikin kowane mutum shida. Ba don sun yi barci ba, ba don ba su iya magana ba. Haka aka gina abin. Kuma mu da muke nesa da manyan birane, kafin irin wannan harka ta iso Anka ko Gummi, ta riga ta gama zagaya Legas da Abuja da Kano. Wato a hawa na nawa kuke jin za mu shiga?

Wata za ta ce, "To ai ni na ga wadda aka biya da idona." Gaskiya ne, ana biyan na farko. Ai mai kamun kifi ma sai ya sa tsutsa a ƙugiya. Wannan dabara tsohuwa ce. A shekarar 1920, a birnin Boston na ƙasar Amurka, wani mutum mai suna Charles Ponzi ya yi wa jama'a alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45. Yana karɓar kuɗin sababbin shiga yana biyan tsofaffi, su kuma suna yaɗa labari cewa mutumin kirki ne. Shekarar ba ta ƙare ba asirinsa ya tonu, aka ɗaure shi. Har yau da sunansa ake kiran irin wannan damfara a duniya.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. Da yawanku za ku tuna MMM, wadda wani ɗan ƙasar Rasha mai suna Sergei Mavrodi ya ƙirƙiro, mai alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata ɗaya. Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi, mutane suka ce hassada ce. A watan Disamba na 2016 aka wayi gari an rufe asusun jama'a. Daga baya hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa, wato NDIC, ta ce 'yan Nijeriya kimanin miliyan 3 ne suka yi asarar kusan naira biliyan 18. A shekarar 2019 hukumar SEC, mai kula da harkar zuba jari, ta rufe ofishin wani kamfani a Kano da ke karɓar kuɗin jama'a da alkawarin riba mai tsoka ba tare da izininta ba. Sa'annan a watan Afrilu na 2025 wata mai suna CBEX, da ke cewa za ta ninka wa mutum kuɗinsa cikin kwana 30, ita ma ta rushe, har fusatattun mutane suka far wa ofishinta a Ibadan. Kun ga suna ne kawai ke canzawa.

To, wannan ke nan game da marasa kaya. Masu kaya fa? A nan sai mu yi adalci. Sayar da kaya gida gida ba laifi ba ne, kuma akwai kamfanonin da kayansu na gaske ne. Amma bari mu ji abin da aka gano a Amurka, inda wannan salon kasuwanci ya fi daɗewa. A shekarar 2016 hukumar kare masu saye ta ƙasar, FTC, ta tuhumi wani babban kamfani mai suna Herbalife da yaudarar mutane game da irin kuɗin da za su samu. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 200 don a mayar wa waɗanda suka yi asara, ya kuma sake tsarinsa yadda lada zai dogara ga ainihin cinikin kaya. A watan Satumba na 2024 kuma ma'aikatan hukumar suka duba takardun da kamfanoni 70 irin waɗannan suka fitar da kansu, suka tarar mafi yawan masu shiga abin da suke samu a shekara bai wuce dala 1,000 ba, kuma sau da yawa ba a ma cire abin da suka kashe ba. A ƙasar Amurka wannan kuɗi ko hayar ɗaki na wata ɗaya ba lalle ya biya ba a garuruwa da dama.

Akwai kuma wani kamfanin tufafin mata mai suna LuLaRoe, wanda ya fi jawo matan aure masu zaman gida da renon yara, da alkawarin za su samu kuɗi ba tare da sun bar 'ya'yansu ba. Kun ji kalmar ta yi kama da wadda aka gaya wa 'yar uwarmu ta Gummi ko? Jihar Washington ta kai kamfanin kotu a 2019, a 2021 kuma ya amince ya biya dala miliyan 4 da dubu 750 aka kashe maganar. Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne yadda matan da abin ya shafa suka cire kunya, suka riƙa fitowa a intanet, a YouTube da Facebook, suna nuna ɗakunansu cike da kayan da suka kasa sayarwa, suna faɗin bashin da suka ci. Kowace a da tana zaton ita kaɗai ce ta gaza. Da suka fara magana sai suka gane dubbai ne. Yawancin wannan faɗakarwa da Turanci ake yin ta, ba ta iso mu ba, amma tallar ita ta iso mu da Hausa tsantsa. Dalilin da ya sa muka kawo zancen gidan rediyo ke nan.

Me ya sa ake nemanmu mu matan gida? Domin sun san muna da ɗan abin hannunmu: akuya, tunkiya, ɗan kunne, kuɗin adashi, kayan ɗaki. Sun san muna son mu taimaki kanmu da 'ya'yanmu, musamman a wannan lokaci da noma ya yi wuya saboda rashin tsaro, ga tsadar abinci. Sun kuma san muna da abin da ya fi kuɗi, wato yarda. Baƙon namiji bai isa ya ƙetare zaure ya shigo miki ba, amma waya ta shigo, ƙungiyar WhatsApp ta shigo, ƙawarki ta makarantar Islamiyya ta shigo. Kuma ita ma mai kawo miki tallar yawanci ba muguwa ba ce, an sa ta ne a gaba, tana neman yadda za ta fid da nata kuɗin. Ga mu da kunya, in 'yar uwar miji ta roƙe ki abu, cewa a'a na da nauyi. To wannan kunyar da wannan zumuncin su ne jarin kamfanin. In kuɗi suka nutse, kamfani na can inda ba ki sani ba, ke ce za ki haɗu da ƙanwarki a gidan suna.

Mu mutanen Anka da Bukkuyum mun san abin da ake nufi da abu ya shigo gida da sunan arziki. A shekarar 2010, lokacin da ake daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, babu uwar da ta san akwai gubar dalma a cikin ƙurar nan, har muka rasa yara fiye da 400. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Amma da aka zo aka yi bayani, mata suka fahimta, aka fid da dakan daga tsakar gida. Ba ina haɗa asarar rai da ta dukiya ba ne. Ina tuna mana ne cewa matan yankin nan in aka yi musu bayani suna ganewa, kuma suna iya tsare gidajensu.

Ta fuskar addini kuma, malamai sun yi magana. A shekarar 1425 ta Hijira, daidai da 2004, zaunannen kwamitin fatawa na ƙasar Saudiyya ya ba da fatawa cewa irin wannan ciniki, wanda ainihin abin da ake nema a cikinsa ladan kawo mutane ne ba kayan ba, bai halatta ba. Dalilan da suka kawo sun haɗa da riba, da garari, wato shiga cinikin da ba ka san makomarsa ba, da yaudara, da cin dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba. Ki tambayi malaman garinku, ko ki sa maigida ya tambayo miki, amma a yi wa malam bayanin tsarin duka, kada a ce masa kawai "sayar da shayi ne". Ta fuskar doka kuwa, sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da damfara irin ta Ponzi.

Sau da yawa za a nuna miki takarda mai hatimi a ce, "Ga shi gwamnati ta san da mu." Ki sani takardar hukumar CAC rajistar sunan kamfani ce kawai, kamar takardar haihuwa. Takardar haihuwa kuwa ba ta shaidar halin mutum. Wanda zai karɓi kuɗin jama'a da sunan zuba jari, izinin SEC yake buƙata. Haka nan lambar NAFDAC a jikin kwalba ba ta nufin maganin na warkar da duk abin da mai talla ta lissafa. Don Allah, mai hawan jini ko ciwon suga, kada ki ajiye maganin asibiti saboda wani shayi. Mai juna biyu da mai shayarwa, kada ki sha komai sai kin tambayi ma'aikatan lafiya.

Saboda haka in an zo miki da irin wannan tayi, ki ba baƙuwarki ruwa, ki saurare ta da mutunci, sa'annan ki yi mata tambayoyi huɗu. Na ɗaya: in ban kawo kowa ba, zan ci riba daga sayar da kayan kaɗai? Na biyu: wa zai sayi kayan nan a wannan farashi a unguwarmu, in ba wadda ke son shiga harkar ba? Na uku: in kayan suka ƙi sayuwa, za a karɓa a mayar mini da kuɗina, kuma a rubuce yake? Na huɗu: ke da kanki, nawa kika zuba tun da kika fara, nawa kuma ya dawo hannunki? Ba abin da waya ke nunawa ba, abin da kika riƙe kika kashe. In kika ji an fara kwana-kwana, ko an ce "yau ne ranar ƙarshe", ko an ce "kada ki gaya wa maigida sai kin fara samu", to kin samu amsarki. Sana'ar kirki ba ta tsoron a kwana a kanta, ba ta kuma tsoron shawara.

Ke kuma da kika riga kika shiga, kamar 'yar uwarmu mai saƙo, ga tawa shawarar. Ki tsaya haka nan, kada ki ƙara ko sisi da sunan "ɗaga matsayi" ko "buɗe asusu", kada kuma ki jawo wata don ki fanshe. Ki adana rasit da saƙonnin waya da lambar asusun da kika tura kuɗi. Ki gaya wa maigida ko wani babba naki gaskiya, faɗan kwana ɗaya ya fi ɓoyon shekara. In kuna da yawa, ku haɗu a kai kuka wurin mai unguwa ko hakimi ko Hisba, in abin ya yi girma a kai ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Kayan da ke hannunki, in ba su lalace ba kuma ba masu cutarwa ba ne, ki karyar ki rage asara. Sa'annan ki aika wa ƙanwarki, ko ki nemi izini ki taka da kanki, ki ce mata, "Na yi kuskure, ni ma ban sani ba, ki yafe mini." In da hali ki riƙa rage mata ko da kaɗan kaɗan ne. Akuya ana sake saye, 'yar uwa kuwa ba a sayo ta a kasuwa.

Kuma kada wannan ya kashe mana gwiwar neman na kanmu. Naira 60,000 ɗin nan da a ce gyaɗa aka saya, ko waken suya na awara, ko zaren hula, ko aka bar awakin nan biyu suka haihu, da yanzu wani zance ake yi. Ribar ba ta da yawa, amma kin san inda ta fito, kuma kina barci da ita lafiya.

To jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Wadda ta ji wannan shiri ta gaya wa wadda ba ta ji ba, a gidan biki, a gidan suna, a makarantar dare. Mai tambaya ko mai labari irin wannan ta aiko mana, ba za mu faɗi sunanta ba. Allah Ya ba mu halal komai ƙanƙantarta, Ya sa mata albarka, Ya tsare mana zumuncinmu.